Natsuwar Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan. Mu nan lafiya, Baba yana nan manne da rediyonsa, maman yara kuma ta koma ɗinki.

Yaya, sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagawa. A ta baya na gaya miki Auta ta natsu, har kika ce a turo miki ita hutu tunda yanzu ba ta da wahala. Abin da na faɗa miki ba haka yake ba, kuma laifin nawa ne.

Kin san tun da likita ta ce tana da lalurar galahanga, wadda ke hana ta magana da cuɗanya irin ta sauran yara, nake rubuta komai nata a littafina: abin da ta ci, sau nawa ta yi ihu, me ya jawo. Ke ce mai cewa da zan samu hali har numfashinta sai na ƙirga. To, a watan da muka tashi daga tsohon gida abubuwa suka haɗe mata. Ɗaki ya canza, makaranta ta canza, ni kuma wajen kwashe kaya na zubar da gwangwaninta na murafen kwalba, waɗanda take jerawa a bakin taga kala-kala. A idona tarkace ne. Kwana huɗu ta yi tana ihu tana buga kai da ƙofa, a na biyar ta yi shiru. Ranar na rubuta: ta natsu, alhamdulillahi.

Haka na yi ta rubuta kalmar nan. Ta daina kaɗa hannuwa, na ce ta natsu. Ta daina gunjin nan nata mai hana Baba jin labarai, na ce ta natsu. Tana kwance fuska ga bango, abinci na hucewa a kwano, na ce girma ne ya zo. Maman yara ta ce shirun nan bai kwanta mata a rai ba, sai na buɗe littafi na nuna mata ihu ya sauka daga sau shida a rana zuwa babu. Da alƙalami na rufe mata baki.

Ranar Talata muka je ganin likita, na miƙa mata littafin ina jiran yabo. Ta karanta, sai ta tambaye ni yaushe rabon Auta da dariya. Na karɓi littafin na yi ta juya shafuka. Ashe ban taɓa ja wa dariya layi ba, abin da ke damuna kawai nake ƙirgawa. Ta ce ciwon damuwa ne, yana kama yara irin su, balle idan canje-canje sun taru musu lokaci guda, kuma da yake Auta ba ta iya cewa raina ya ɓaci, sai ta saki duk abin da take so. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi. Da muka dawo na ƙirga kalmar, sau hamsin da uku na rubuta ta.

Don haka ki yi haƙuri, ba zan turo ta ba, likita ta ce kada a sake ɗaga ta yanzu. In gwiwa ta bari, ke ki zo mana.

Na je wajen mai shagon bakin titi na roƙi murafe, yana ta tsokanata wai ko na bar ofis na koma tsintar shara. Na zube mata su a taga. Kwana biyu ko kallo ba su ishe ta ba. Jiya da safe ta jera bakwai, ɗaya ya karkace, na kai hannu zan gyara, ta ƙwalla mini ihun da sai da Baba ya kashe rediyo. Ban ce ta warke ba, na taɓa yin gaggawa. Amma na rubuta: ta yi ihu, alhamdulillahi.

Ki gaida maigidanki da tagwaye da Gwaggo. Baba da maman yara suna gaishe ki. In kin tashi zuwa, ki taro mana murafe, ta fi son jajaye.

Ƙaninki,
Baban Auta