Rairayen Ɗakin Inna

Yamai, 9 ga Yuli, 1999

Zuwa ga ƙanena Tahiru,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Inna da iyalinka Haske. Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Ba dogon zance zan yi ba. Kailu direba ya zauna a shagona shekaranjiya, ya ba ni labarinka gaban mutane, yana dariya har da hawaye. Wai kowace safiya ana ganinka ka fito daga ɗakin Inna da rariya, ka sa safar hannu kamar likita, kana ɗauke da kashin mussa, kyanwar nan tata, zuwa bayan gari. Wai a kasuwar Lahadi har suna aka laƙa maka.

Rairaye ɗakin uwar miji aikin matar ɗa ne. Matata ta yi shi kafin mu taso Yamai, Haske ta karɓa. In ciki ne ya hana ta, ai ba yau mata suka fara ciki ba. Shekara ashirin na yi cikin soja, har na aje kaki ban jawo wa gidanmu magana ba. Ka aje rariyar nan. In kuwa mussar ce matsala, a sa ta a buhu a kai ta daji.

Ka gaishe da Inna.

Yayanka,
Magagi

*

Filinge, 18 ga Yuli, 1999

Zuwa ga Yaya Magagi,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina fata kai da iyali kuna lafiya. Inna tana amsawa. Ruwa ya sauka, hatsi ya kai gwiwa.

Na karanta takardarka, na aje, na sake karantawa washegari don kada in amsa da zafi. Ka san halina, sai na rubuta abu a littafina na dube shi kafin in yarda da shi.

Abin da Kailu ya faɗa gaskiya ne, sai dai ba bayan gari nake kaiwa ba, rami na haƙa bayan rumbu. Sunan da aka sa mini kuma Madam Rariya ne. Gara ka ji daga bakina.

Ka san ɗakin Inna farin rairai ne a shimfiɗe, ta ƙi siminti, ta ce sanyinsa yana shiga mata ƙashi. Ka san kuma mussarta, Kumandan. Tun da idon Inna ya yi rauni, a ƙafafunta take kwana, ta kuma mai da kusurwar ɗakin makewayinta. Wanda ya rairaye ɗakin, shi ke kwashe kashin.

Cikin Haske wata uku. Ungozomar likita, Madam Safi, ta ce akwai wata ƙwayar cuta da ke fita cikin kashin mussa. Babban mutum in ya kamu, sau da yawa ko zazzaɓi ba ya ji. Amma in mai ciki ta kamu, cutar tana iya kaiwa ga ɗan, ciki ya zube, ko a haife shi da lahani a ido ko a kai. Ta ce sai kashin ya kwana yake zama haɗari, don haka a kwashe kowace safiya da safar hannu, a wanke hannu da sabulu, kuma kada mai cikin ta yi.

Na tambaye ta ko mu fitar da Kumandan, ta ce ba dole ba ne. Ni ma na duba. Mussoshin maƙwabta suna tsallako katanga, rumbu kuma ba mai tsare shi daga ɓeraye sai ita. Na gwada zuba mata rairai cikin tsohon daro a waje. Yau ta shiga, gobe ta koma kusurwarta. Ba banza Inna ta sa mata wannan suna ba. Mace kuma babu wata a gidan, Inna ba ta yarda bare ya taɓa mata ɗaki.

Ban sani ba ko cutar nan ce ta ɗauke mana 'ya'yanmu biyun farko tun suna ciki. Madam Safi ma ta ce ba za ta rantse ba. Wataƙila wahalar banza nake yi. Amma ni na ɗauki na biyun cikin ƙyalle zuwa makabarta, Yaya, kuma bai kai nauyin rariyar nan ba. Ba zan aje ta ba.

An ɗebi jinin Haske an aika Yamai a auna. Sunanka na bayar, don Allah ka karɓo sakamakon.

Ka huta lafiya.

Ƙanenka mai biyayya a sauran al'amura,
Tahiru

*

Yamai, 20 ga Satumba, 1999

Tahiru,

Bayan gaisuwa. Awon ya daɗe, amma na karɓo, ga shi cikin ambulan. Na tsare mai awon na tambaye shi da Hausa. Ya ce babu ko alamar cutar a jininta, ba ta taɓa kamuwa ba.

To ka gani. Shekara nawa yarinyar nan tana rairaye ɗakin da hannunta, ba abin da ya same ta. Karatun kwalej ɗinka ne ya cika maka kai da tsoro. Na gaya wa Kailu ya faɗa wa Inna da Haske da bakinsa, don na san kai sai ka yi sati kana rubutu kafin ka buɗe baki.

Ta koma aikinta, ka koma naka. Zance ya ƙare.

Yayanka,
Magagi

*

Filinge, 28 ga Oktoba, 1999

Zuwa ga Yaya Magagi,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. An gama girbi, an ɗaure dammuna, Alhamdu lillahi.

Na jinkirta amsa don abin da na fara rubutawa bai dace a aika wa yaya ba. Na yage shi.

Saƙonka ya iso gida ina wurin aiki, ba wanda ya gaya mini. Washegari da na dawo daga masallaci na tarar da Haske a durƙushe cikin ɗakin Inna, rariya a hannu, babu safa, da cikinta wata biyar. Inna ce ta ce mata tunda Yamai ta ce lafiya, kada a ƙara sa ɗanta abin dariya. Ban taɓa ɗaga wa Haske murya ba sai ranar. Na ja ta bakin randa na wanke mata hannu da kaina kamar ƙaramar yarinya, tana kuka.

Na kai wa Madam Safi sakamakon. Abin da mai awon ya gaya maka daidai ne, fahimtar ce ta juye. Wadda ta taɓa kamuwa tun kafin ciki, jikinta ya san cutar, yana tare wa ɗan. Wadda ba ta taɓa kamuwa ba, ita ce ƙofarta ke buɗe. Haske ke nan. Abu ɗaya na samu a ciki: ba Kumandan ce ta ci mana biyun farko ba. Na daɗe ina hararar dabbar nan, yanzu kunyarta nake ji.

Ga wata kuma. An sa ni cikin masu kai kayan zaɓe garin Sanam a zagaye na biyu, tafiyar kamar sati biyu. Shugabanmu a biro, ofishin da nake aiki, soja ne, tunda su ke mulki, ka fi ni sanin yadda a'a ke sauka a kunnensu. Na gaya masa ba zan tafi ba in ban bar mai riƙe rariya ba. Ya ɗauka bai ji daidai ba, na maimaita. Ya ce in je in yi tunani. Har yanzu ban tabbata ba wauta nake ba. Na yi tunanin dai. Amsar tana nan yadda take.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanenka,
Tahiru

*

Yamai, 8 ga Nuwamba, 1999

Tahiru,

Gaisuwa. Ka haɗa kayanka ka tafi Sanam. Ba za a ce ƙanena ya rasa aiki, ko ya kwana a kulle, saboda kashin mussa ba. Ina tafe ranar Alhamis da buhuna. Kafin ka dawo babu mussa, babu rariya.

Magagi

*

Filinge, 21 ga Nuwamba, 1999

Zuwa ga Malam, a Sanam,

Ina gaishe ka da gajiyar hanya. Ka yi haƙuri da rubutuna, iyakar abin da karatun manya ya ba ni ke nan. Lafiyata lau, ɗan yana motsi, ya fi son lokacin da nake salla.

Ka tafi kana waiwaye don na ce ka bar ni da Yaya. To ga yadda aka yi.

Ya iso da la'asar, ya ci tuwo, ya fiddo buhu. Inna ta laluba ta jawo Kumandan ta ɗora a cinya, ta ce, "Magagi, buhun naka zai ci mu biyu?"

Ya ce, "Inna, ba wasa nake ba."

Ta ce, "Wa ya ce maka ni wasa nake?"

Ka san tun da aka kawo ni gidan nan, maganata da Yaya ba ta wuce ina kwana ba. Na ɗauko rariya da safa da sabulu, na durƙusa na aje a gabansa. Na ce, "Yaya, ko ka kai ta daji, na maƙwabta suna nan, rairai yana nan. Ni dai hannuna ba zai ƙara shiga cikinsa ba sai na sauka. In rashin kunya ne, na ɗauka. Biyu na binne ina da kunya."

Ya ce, "Ni kike miƙa wa rariya?"

Na ce, "Ban miƙa ba, Yaya, ajewa na yi."

Ya tashi ya fita. Kilishin da ya kawo mini ma ban ci ba, tunda Madam Safi ta ce sai naman da ya dahu sosai. Wannan ma ya ɓata masa rai.

Kwana biyu ba wanda ya taɓa ɗakin. Ni daga bakin ƙofa nake miƙa wa Inna abinci. Wari ya fara tashi. In Yaya ya shigo gaishe da Inna sai ta kama tari. Na kusa karaya, Malam, don tsohuwar ta ba ni tausayi. Sai na zauna a kan hannuwana.

Ran na uku da sassafe na ji motsin rariya, an saki asabari don kada a gani. Can ya fito da safa a hannu, ya miƙe kamar mai fareti, ya dubi katanga ya ce, "Ina ramin?"

Ni ma na dubi katangar na ce, "Bayan rumbu."

Tun ranar bai fasa ba. Hannu kuwa har gwiwa yake wankewa. Jiya Kailu ya shigo da saƙo ya same shi da rariya. Ya buɗe baki, Yaya ya dube shi. Sai Kailu ya ce, "Sarjan, ina gajiya?" ya aje saƙon ya fita.

Buhun na ɗauke na zuba wake a ciki.

Allah ya dawo da kai lafiya.

Iyalinka,
Haske

*

Filinge, 12 ga Janairu, 2000

Zuwa ga Yaya Magagi,

Gaisuwa da barka da salla. Haske ta sauka jiya Talata, mace aka samu. Madam Safi ta duba ta, ido da kai duka lafiya. Na sa ta sake dubawa, ta yi dariya ta sake. Suna Talata mai zuwa.

Sojoji sun koma bariki, a biro ba wanda ya ƙara tada maganata.

Haske ta ce ko ta yi arba'in ba za ta karɓi rariya ba, tunda an ga maza sun iya. Rariyar dai tana hannuna.

Inna ta ce ka zo da wuri. Wai rairayena bai kai naka ba, tun da ka tafi take taka tsakuwa.

Ƙanenka,
Tahiru