Sunan 'Yata Na Bayan Kunkuru

Dona Iracema, ki taimake ni da shawara kafin ƙarshen wata. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na kai shekara arba'in da bakwai na shiga ajin yaƙi da jahilci a cocinmu.

Muna da kunkuru a gida, sunansa Kanar, shekararsa ashirin da huɗu a hannunmu. 'Yata Jucilene tana da shekara uku fuka ta kama ta, surukata ta kawo shi daga ƙauye ta ce a sa shi ƙarƙashin gadonta wai yana maganin fuka, kamar yadda kowa ke yi a nan. Ban ce shi ya warkar da ita ba, amma tun tana firamare rabona da jin ƙirjinta yana kuka. Gwanda yake ci da ragowar wake, yana kuma bin sahuna in ina shanya.

To ƙaramar hukumarmu ta fito da doka cewa duk mai naman daji a gida, ko aku ne ko biri ko kunkuru, ya miƙa shi kafin ƙarshen wata, bayan nan sai tara. Da kaina na karanta takardar a ƙofar kasuwa. Ita kuwa Jucilene wata uku ke nan da samun aiki a ofishin kula da muhalli na hukumar, ba a ma tabbatar da ita ba tukuna. Ita ce ke zagayawa tana manna takardun.

Ga inda na yi wauta. Kanar mayawaci ne, yakan fice ta ƙasan shinge. Lokacin da na koyi rubutu, kalmar farko da na iya ita ce sunan 'yata, sai na samo jan fenti na jirgin kamun kifi na rubuta JUCILENE a ƙoƙon bayansa, don duk wanda ya tsince shi ya dawo mana da shi. Har yau fentin yana nan. Na goga da sabulu, na goga da toka, ko gezau.

Da na yi niyyar in kai shi dajin bakin kogi in sake shi ba wanda ya sani, amma in aka tsince shi sunan wa za a gani? Maigidana Valdemar ya ce in kawo wuƙa ya kankare, ko kuma mu jira bikin Ista mu dafa shi tunda ga kwakwa ga tukunya. Ya ce tsohon soja ai ya isa ritaya. Kwana biyu ban yi masa magana ba. Maƙwabciyata Zuleide ta ce in ɓoye shi a cikin tanda in masu dubawa sun zo, wai haka ta yi da akunta.

Jucilene ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai daina kawo abokan aikinta cin abinci. Ranar Lahadi ta tsallake Kanar a bakin ƙofa ta ce, "Mama, sunana ne fa a bayansa." Shi ke nan abin da ta ce.

Ina tsoron ta rasa aikin nan saboda ni. Ina kuma tsoron in ya bar gidan ciwon ya dawo. Yaya zan yi?

Uwa mai zullumi, daga bakin kogin Itapecuru

*

'Yar'uwa, rubutunki ya fito sarai, kuma ban ga wauta a nan ba.

Ki fara da hana Valdemar wuƙar nan. Ƙoƙon bayan kunkuru jikinsa ne, yana jin zafi. Kada ki sake shi a daji: dabbar da ta saba a ajiye mata wake ba lalle ta iya nema ba, tana iya kai wa na dajin cuta. Shawarar Zuleide kuwa ki bar mata kayanta.

Surukarki ta yi abin da ta sani, ke kuma kin riƙe shi da amana. Amma dokar ma tana da dalilinta. In kowane gida mai yaro mai tari ya ɗauko guda, me zai rage a dajin? Maganar fuka, yara da yawa tana yi musu sauƙi in sun girma, da kunkuru ko babu. In hankalinki bai kwanta ba, Jucilene ta je asibiti a auna ƙirjinta, ta riƙe maganin shaƙa a jaka.

'Yarki ta yi shiru ne don ba ta son ta tsaya gabanki a matsayin hukuma. Kada ki bari ta kai ga haka. Ki gaya mata yau cewa kin yanke shawara, ki sa Kanar a kwando da gwandarsa, ki kai shi da kanki tun wa'adi bai cika ba. Ki tambayi inda za a ajiye shi da ko za a bar ki ki riƙa leƙa shi. Ma'aikaciyar da uwarta ta zo da ƙafarta ta bi doka ba ta da abin jin kunya a ofis.

Za su ba ki takarda ki sa hannu. In sun turo miki tawadar dangwale, ki ce a ba ki biro. Kin rubuta sunanta a bayan kunkuru don kada ya ɓata, yanzu ki rubuta naki a takarda don aikinta ya zauna.

Allah ya ƙara wa Jucilene lafiya, ya kwantar miki da hankali. Ki shafa mini bayan Kanar.

Iracema