Gaisuwar Gaɓoɓin Inna

Jumma'a, 2 ga Afirilu, 1982. Allakaye.

Yau na hwasa ƙwaryar Inna. Na sa shi hwarko don kar in yi ta kewaye-kewaye.

Malam Lurwanu, wanda ya dawo daga karatu Sakkwato bara, ya zo da sahe gwajin rigar da nike ɗinka mishi. Muna zaure sai ga kiɗi daga bayan ruhewar hatsi, kwas, kwas, a hankali. Altine matata ce ke buga ƙwarya, Inna tana abin da ta saba. Rana na hitowa sai ta ɗaure ƙugu da zane, ta tsaya, ta riƙa gaida gaɓoɓinta ɗaya bayan ɗaya. "Ina kwana, wuya?" Ta juya shi sannu. "Ina kwana, kahwaɗa? An tashi lahiya, gwiwa?" Ta lanƙwasa, ta saurara kamar mai jiran amsa, sannan ta taka. Tana yi tana wata waƙa cikin hanci.

Malam ya karkata kunne, ya ce, "Manzo, wanga ba kiɗin bori ba ne?"

Wallahi ji na yi kamar an tuɓe mini wando tsakiyar kasuwa. Kowa ya san gidanmu na Azna ne, masu tsahin gargajiya, kowa ya san Inna ta yi rawar bori da ƙuruciya kahin ta kama salla. Ni kuwa sai bana-bana anka daina ce mini ɗan Azna, har nike samun sahun gaba a masallaci. Na shiga, na hizge ƙwaryar daga hannun Altine, na buga ta kan turmi. Na ce da ƙarhi, don a ji daga zaure, "Gidan ga gidan salla ne. Kar in sake ji."

Ƙahwar Inna ɗaya tana sama lokacin. Ta sauke ta. Ta kwance zanen ƙugu, ta ninke, ta shiga ɗaki.

Daidai na yi.

Lahadi, 4 ga Afirilu

Altine tana ba ni tuwo, ba ta ba ni magana. To, a ci gaba.

Alhamis, 8 ga Afirilu

Inna ta yi sallar la'asar zaune. Na tambaya, ta ce ƙugu ne, ba komi. Altine ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Tun ranar ba ta gaishe su ba." Na ce gwiwa ba ta da kunne, a daina mini shirme.

Amma dai gidan ya yi shiru da sahe. Ban san ina tashi da kiɗin nan ba sai da babu shi.

Littinin, 12 ga Afirilu

Wuyana ya riƙe. Daga ƙeya har kahwaɗar dama, in zan waiga sai in juya jiki duka. Keken ɗinki ne, da zahin ga. Mi kuma zai zama?

Talata, 20 ga Afirilu

Na hau kamiyo, babbar motar kaya, na tahi Buza wurin lokotoro, likitan asibiti. Ya latsa wuyana, ya ce bai ga komi ba, ya ba ni ƙwayoyi. Na ba shi labarin Inna, ban ba shi na ƙwarya ba. Ya ce, "Tsohuwa in ta kwanta, jiki daskarewa shike yi. A sa ta motsa kullum."

Na dawo da murna, na ce ga hanya ta halal. Na hido ta tsakar gida, na tsaya gabanta ina nuna mata irin motsin da malami ke sa yaran lakwal, makarantar boko: hannu sama, hannu ƙasa, a duƙa, a miƙe. Ta dube ni ta ce, "Soja za ka kai ni?" Na ce lokotoro ya ce. Ta yi, don na ce ta yi. Da sauri-sauri, haƙora cije, ba ta saurari komi ba. Wurin duƙawa ta yi ƙara ta zube. Ni da Altine munka ɗauke ta.

Ba ta da nauyi ko kaɗan. Yaushe ta rame haka?

Larba, 28 ga Afirilu

Inna ba ta hito ba yau ma.

Littinin, 3 ga Mayu

Akwai abin da na lura da shi, ba na son shi. Da na tahi kasuwar Tabotaki sayen zare, wuni guda ban tuna ina da wuya ba. Har na waiga na gaida mutane. Ina dawowa, ina hango ƙohwar ɗakin Inna, sai abin ya damƙe ni kamar an sa hannu. Ƙwayoyin sun ƙare, ba su yi komi ba.

Ina bi ta bayan turken awaki yanzu in zan hita, don kar in wuce ta ƙohwarta. Mutum da gidanshi. Kai, Manzo!

Jumma'a, 14 ga Mayu

Bayan masallaci Malam Lurwanu ya tambaye ni jikin Inna, ya ji ba ta tashi. Na ce, to, ai tun da munka hana abin nan. Na ce "munka" da gangan. Ya tsaya ya ce, "Munka? Ni tambaya na yi, Manzo. Ban ce ka hwasa komi ba."

Na so in shaƙe shi. Duk kwanakin ga ina ɗora mishi rabin kayan, yau ya sauke mini su gaban masallaci ya yi tahiyarshi. Kuma gaskiya ya hwaɗa, shi ne abin haushin. Bai ce ba. Ni na ji kunyar uwata gaban baƙo, ni na ɗaga murya don a yaba mini.

Ban iya zura zare cikin allura ba yau.

Talata, 18 ga Mayu

Na tambayi Altine mi waƙar ke cewa. Ni da na girma cikinta ban taɓa saurare ba, kiɗin kawai nike ji. Ta ajiye taɓarya.

Ta ce muryar ta bori ce, ita kaɗai Inna ta iya. Amma ba sunan iska ko ɗaya ciki. Sunayen mutanenmu ne. Inna ta ce duk wanda ya rasu mata, wani wuri shike samu a jikinta shi zauna. Baba shina kahwaɗar dama, don nan shike dahwa ta lokacin da idanunshi sunka mutu. Uwarta tana ƙugu. In ta tashi da sahe ta taɓa wurin a hankali, ta kira sunan, ta yi numhwashi, sai ciwon ya sassauta ta iya wuni.

Na ce wannan ai roƙon matattu ne. Altine ta ce, "Ba ta roƙonsu komi. Tunawa take. Kai ba ka tunawa?"

Na ce gwiwar hagu hwa, wadda ta hi daɗewa kanta?

Ta ce, "Husaina."

Ɗiyarmu. Shekarar yunwa ta rasu, kan gwiwar nan ta Inna, ina Abijan neman abin da za mu ci. Ban taɓa kiran sunanta cikin gidan ga ba tun da na dawo. Ashe kullum da sahe ana kiranshi bayan ruhewa, ina zaure ina ɗinki. Altine ta ce, "Ka zaci don Inna kaɗai nike buga ƙwaryar?" Ta ɗauki taɓarya ta ci gaba da daka.

Allah ka yahe mini. Abin mutum biyu na hwasa.

Assabar, 22 ga Mayu

Na shiga ɗakinta. Hurar jiya tana nan ba a taɓa ba. Na durƙusa na ce, "Inna, in kina so ki ci gaba da abin nan, ki ci gaba. Na yarda."

Ta ce, "Ka yarda." Haka kawai. Can ta ce, "Gaban baƙo anka hana ni. Cikin ɗaki za a ba ni izini, da raɗa?" Na ce lahiyarta nike ji. Ta ce sun yi nisa yanzu, ta daɗe ba ta gaishe su ba, kunyarsu take ji.

Zan tashi, ta ga yadda nike juya jiki duka. Ta ce in matso. Ta ɗora hannu kan ƙeyata, daidai wurin, ban nuna mata ba. Hannun sanyi ƙalau.

"Wa ke zaune nan?"

Ta amsa wa kanta:

"Ni ce, ko? Tun ban mutu ba."

Na hita. Ban san ina na nuhwa ba sai da na gan ni bakin gona.

Lahadi, 23 ga Mayu

In ta tahi a haka, nan za ta zauna har in mutu. Ba don wuyan nike hwaɗi ba. Ko don shi ne? Ban sani ba. Tsoro nike ji.

Alhamis, 27 ga Mayu

Ba wanda zai ga kayen ga, littahin rubutuna, don haka in rubuta. Da sahe Altine ta tahi rijiya, na zaga bayan ruhewa. Na tsaya inda Inna ke tsayawa, har yanzu ƙasar wurin a daddaɓe take. Na ce, "Ina kwana, wuya." Akuya ta daina tuƙa ta zuba mini ido. Mutum da hurhura a gemu!

Na so in murɗe shi da ƙarhi a gama, ya ƙi. Sai na tuna yadda take yi. Na juya kaɗan, na tsaya inda ciwon ya hwara, na saurara. Na saki numhwashi. Ashe haƙorana a cije suke, kahwaɗuna suna kusa da kunnuwa, ban sani ba. Na sauke su. Na ƙara juyawa kaɗan.

Ban yi niyyar zuwa gwiwa ba, tawa lahiya lau take. Na dai lanƙwasa ta hagu na kira sunan. Sai da na zauna ƙasa.

Wuyan bai warke ba. Amma na yi ɗinki har azahar.

Littinin, 31 ga Mayu

Na sayo ƙwarya. Ta damun hura ce, wadda muke da ita ta tsuhwa. Na ƙwanƙwasa da yawa kahin in zaɓa, mai sayarwa har ya ce ko makaɗi ne ni.

Larba, 2 ga Yuni

Na miƙa wa Altine ƙwaryar, ta ce, "Ba ni na hwasa ba."

Jumma'a, 4 ga Yuni

Hadari ya taso gabas, bai zuba ba. Ana ta gyaran iri.

Da sahe na zauna ƙohwar ɗakin Inna da ƙwaryar. Ba bayan ruhewa ba, tsakar gida, inda ake ji har hanya. Na buga. Ban iya ba, ni ma na ji ban iya ba. Na daɗe ina yi, ba motsi. Har zan ajiye sai murya daga ciki: "Wane ne ke kashe mini kiɗi haka? Ana korar tsuntsaye ne?"

Na ce ni ne. Ta ce ta sani. "Sannu-sannu, kai. Ina za ka?"

Na rage. Ta ce in ƙara ragewa. Can sai ga ta bakin ƙohwa, Altine riƙe da hammatarta, zanen ƙugu a ɗaure, a karkace. Ba ta iya tsayuwa ita kaɗai ba, bango ta dahwa. Wuya ta hwara gaidawa, muryar da ƙyar ake ji. Kahwaɗa. Ƙugu ya ɗauki lokaci, har da hawaye, na jira.

Sai sallama daga zaure. Malam Lurwanu ne ya zo karɓar rigarshi don masallaci, na ji muryoyin wasu tare da shi. Altine ta dube ni. Inna ba ta dube ni ba, amma ta tsaya, ƙahwar dama a sama.

Na waiga na ce su shigo inuwa su jira, Inna ba ta kai gwiwar hagu ba tukuna. Ban daina bugawa ba.

Inna ta sha hura, rabin ludayi, rabin ludayi, har ta ƙare, ta ce Altine ta sa tsamiya da yawa. A masallaci na samu sahu na baya, na makara ne. Wani ya ce wani abu da na wuce, ban ji sosai ba.

Sai yanzu da nike rubutu na tuna, da na waiga wurin zaure, kai kawai na juya.

Ta ce gobe in zo da wuri, har yanzu ina sauri.