Shuɗin Bokitin Matiron

Goggo,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Raina a ɓace yake, kuma sunanki ne a tsakiyar maganar. Cikin wata guda mutum uku aka yi wa tiyata a asibitinmu, aiki ya yi kyau, bayan kwana biyu sai tari da zazzaɓi. 'Yan ɗakin gwaji suka shafo cikin tiyon nan na injin sa barci, wanda majiyyaci ke numfashi ta cikinsa. Ƙwayar cutar da ke ƙirjinsu ita ce kwance a tiyon.

Kin san tsarin: a wanke, a naɗe, a jefa a shuɗin bokiti, a danna murfi. Jiya na ɗaga ɗaya, ruwa ya tsiyayo min a takalmi. Na ce a daina. Shugabarmu ta kalle ni sama da ƙasa, wai, “Haka Matiron ta koya mana. Ke yaushe aka haife ki?” Shekararki tara da ajiye aikin Matiron, amma har yau ke ake tsoro.

Ran Alhamis za a yi wa Baba aikinsa a wannan ɗakin tiyatar. Don Allah ki rubuto musu layi biyu.

Ki huta lafiya.
Ɗiyarki

Uwar tsiwa,

Wa'alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, takardarki ce ta tayar min da hawan jini.

Ni za ki koya wa wankin tiyo? Da hannun nan na yi miki wankan farko! Cewa na yi a rufe a bokiti bayan ya bushe. Bayan ya bushe! Akwai ɗan ɗaki a bayan wurin wanke hannu, da igiya biyu da fanka. Nan ake rataye shi baki ƙasa, ya wuni. Sun riƙe murfi sun yar da igiya, sannan a ce ni? Shekara talatin ban kashe ko ƙuda ba.

Ba zan rubuta komai ba. Ubanki ƙanena ne tun kafin ya zama ubanki, kada ki tsorata shi.

Ki gaida maigidanki, Allah ya ba shi haƙurin zama da ke.
Goggonki

Goggo,

Barka da war haka. Ya ji gaisuwa, har da addu'ar.

Ɗakin igiya ya zama ofis tun shekara shida, fankar ma takardu take busarwa. Na kai wa shugabarmu maganarki, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce igiyar ta ranar da aiki bai da yawa ce. Ran da mutane suka yi layi, ta ce da idonta ta sha ganin kin girgiza tiyo sau biyu kin cusa a bokiti, kina cewa, “Ku yi sauri, ya bushe a ciki.” Na ce ƙarya ne, har muka ɗaga murya a gaban majiyyata.

Na nemi a sayo sabon tiyo, an ce sai wata mai zuwa. Na ce a ɗage aikin Baba, ya ce shi ɗakin yayarsa ya yarda da shi. Na gaji, Goggo. Ɗaya daga cikin ukun nan, wani tela, yau an sa masa iskar taimakon numfashi.

Gaskiya ta faɗa?

Allah ya bar mana ke.
Ɗiyarki

Ɗiyata,

Sallama da fatan alheri.

Gaskiya ta faɗa. Ga takarda zuwa ga shugabarku a ciki, da sa hannuna. Ki ce wa ubanki ni na ce a ɗage.

A shekarata ta ƙarshe an yi wa wata mata aikin haihuwa, ranar muna da mutum bakwai. Kwana biyar ta yi tana tari, ta rasu. Aka ce sanyi ne ya kama ta, ni ma na ce sanyi ne. Ni na miƙa wa mijinta jaririyar.

Ki sanar da ni halin da telan yake ciki.

Wassalam.
Goggonki