Agogon Baba Haggai

Zuru, 4 ga Mayu, 2004

Yaya Francis,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Monica da yara. Yaya Kaduna?

Yaya, hankalina a tashe yake. Baba Haggai, mahaifin Goodness, wanda har yau bai amsa maganar aurena da ita ba, ya aiko da agogonsa shagona. Tun yana soja yake ɗaura shi. Ba ya cin batir, motsin hannu ke tafiyar da shi, ga shi yanzu tsayawa yake yi. Ya ce in na lalata shi kada in ƙara taka gidansa.

Kayan aikina na agogon batir ne, ban yarda in kusance shi da su ba. Don Allah nemo mini mabuɗin murfi mai haƙora uku, filaya za ta kwarzane bayan. Sukudireba ka zaɓi mafi ƙanƙanta. Hantsaki kuwa na tagulla, na ƙarfe kan ɗauki maganaɗisu ya rikita siririn sifirin da ke ciki. Kada ka yarda da man keken ɗinki, man agogo nake so.

Ƙaninka,
Dominic

Zuru, 29 ga Mayu, 2004

Yaya Francis,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa lafiya. Kaya sun iso, na gode.

Na buɗe agogon, ban ga abin da ya lalace ba. Na wanke, na sa mai, a hannuna ya yi ta aiki. Da na mayar masa, ya sake tsayawa. Baba ya ce in zo da kaina.

Na same shi zaune, ya rufe hannun hagu da mayafi. Da mayafin ya zame na ga hannun ya shanye, agogon na ɗaure a kai. Ashe ɓoyewa suke yi, shi da iyalinsa. Na gaya masa agogo lafiyarsa lau, motsi ne ba ya samu, sai dai a mai da shi hannun dama.

Goodness tana laɓe tana kuka. Ya yunƙura ya ɗaga hannun, ya kasa. Can sai ya miƙo mini na dama a gaban kowa, na ɗaura masa.

Zan fita ya ce in turo manyana. Yaya, yaushe za ka zo?

Ƙaninka,
Dominic