An Auna Ni a Sa'ar da Magani Ke Aiki

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Lafiyar Ma'aikata na ma'aikatarmu, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne Malam Ɗanlami na ɗakin fayil, wanda kwamitinka ya ce ciwonsa bai kai a yi masa aikin tiyata ba.

Na farko. Ni da Alhaji Sabo na sashen sufuri ciwo ɗaya ke damunmu, Fakinsan, mai sa karkarwa da sandarewar jiki. Likita ɗaya muke gani. Shi ya bayyana mana cewa ƙwaƙwalwa tana da wani bugu nata, kamar kiɗa, mai tafiyar da motsi. A jikinmu kiɗan ya sarƙe wuri ɗaya, sai ƙafa ta ƙi ɗaguwa, hannu ya yi ta rawa. Ƙwaya tana kwantar da shi na 'yan awoyi. Na'urar da ake dasawa a ƙwaƙwalwa ta hanyar tiyata kuwa tana daidaita shi yini guda, kuma ya ce mu biyun mun cancanta.

Na biyu. Kun kira mu ƙarfe tara na safe. Alhaji Sabo a Wuse yake, yana da direba. Ya zo bai sha magani ba, aka rirriƙo shi, kuka ga ciwon ƙiri-ƙiri. Ni daga Nyanya nake. Wanda bai sha ƙwaya bayan Asuba ba, ina zai iya kokawar hawa bas a tasharmu? Na sha, na yi awa biyu a cunkoso, na iso daidai lokacin da take kan aiki. Kuka ce in yi tafiya, na yi. Kuka ce in sa hannu, na sa. Har na gyara zaman hula don kada oga ya ga kasawata. Babu wanda ya tambaye ni yaushe na sha magani.

Na uku, ba zan ɓoye ba: kishi nake yi. Kun zaɓi Alhaji Sabo, an dasa masa na'urar, ya dawo. Na je yi masa barka, ya zuba mini shayi da hannunsa, ko ɗigo bai zube ba. Na ce masha Allah, amma zuciyata ta yi baƙi. A masallacin ofis yana miƙewa daga sujada tsaf, ni kuwa sai liman ya kai rabin Fatiha ina ta fama da gwiwa. Na yi istigfari har na gaji. Mutumin nan bai yi mini komai ba, bai kuma fi ni ciwo ba. Ya dai fi ni kusa da ofis.

Yanzu an ce gurbi ɗaya ya rage na waɗanda za a yi wa tiyatar, ga shi shugaban sashena ya fara yi mini maganar ajiye aiki, wai fayil na faɗuwa daga hannuna.

Roƙona shi ne a sake ba ni rana kafin a cike gurbin. Ba zan sha komai ba. Maiɗakina ta yarda za ta riƙo ni tun daga tasha har gabanku, a gaban masinjoji da yaran da na koya wa aiki. Na daɗe ina ɓoye wa ofis wannan jikin. Ku dube shi sau ɗaya kawai, sannan ku yanke hukunci.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raba ka da ranar da za ka roƙi a kalli rauninka.

Wassalam, naka cikin ladabi,
Malam Ɗanlami, Nyanya.