Jar Akuyar Inna

Safo

Yaya Bala,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da su Mardiyya. Bayan haka, akuyar da ka aiko a amalanke ta iso, amma ba tawa ba ce. Ka ɗauke ni makauniya? Wadda Inna ta bar mini kafin ta rasu tana da tsaga a kunnen hagu, Inna ce ta yi da hannunta. Tana da ciki na ba ka riƙonta sa'ad da aka kwantar da ni asibiti a Maraɗi. Wannan kuwa hantsarta cike da nono, sai kuka take, da gani an raba ta da ɗanta a kasuwa. Raina ya ɓaci matuƙa. Ina akuyata?

Ƙanwarka, Hasiya

Madarumfa

Hasiya,

Muna lafiya. Ja kika ba ni, ja na maido miki, har ta fi taki jiki. Duk dusar da na zuba da harawar da na sauko mata daga bisa itace, yau ko sannu babu, sai tuhuma? Ba haka ake magana da babba ba. Ki riƙe ta, kar ki sake tayar mini da zancen nan.

Allah ya ƙara sauƙi.
Bala

Madarumfa

Hasiya,

Sallama da gaisuwa. Mardiyya ce, yayanki bai san na rubuto ba. Akuyarki ta haifi 'ya mace, sannan ta tsinke igiya ta faɗa gyauron dawa a bayan gida. Kafin likitan dabbobi ya zo cikinta ya kumbura, ta mutu. 'Yar tana ɗakinmu. Yayanki da kansa yake tsoma tsumma a madarar gari yana ɗiga mata, amma zawo take, ba ta iya tsayuwa. Ya ce bayan rasuwar Inna, ba zai faɗa miki mutuwa sau biyu ba.

Ki yi haƙuri. Mardiyya

Safo

Yaya Bala,

Ina gaisuwa, amma ban huce ba. Madarar gari! 'Yar akuyar Inna tana mutuwa a ɗakinka, ka tura mai nono Safo don ka rufe mini baki? Ka ajiye tsumman nan. Gobe da safe ina tafe da ita a amalanke. Kai za ka riƙe mata ƙafafu har 'yar ta kama nono. Faɗanmu sai ta miƙe.

Hasiya